Janaretan motar gidanmu yana ta ruri amma babu wuta a ciki: yadda muka gano matsalar

Tun watan Yuli nake cewa zan rubuta wannan abin saboda 'yan uwanmu da ke nan Amurka da suka fara sha'awar sayen irin motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda suke ce wa RV, sai yanzu Allah ya ba ni dama. Tamu ta hannu ce, ƙirar 2008, an ɗora gidan a kan Ford E-450, kuma a gefenta ta ƙasa akwai janareta Onan mai wat 4000 wanda yake shan fetur daga tankin motar kai tsaye. Na saye ta ne don mu riƙa fita da iyali mu dafa abincinmu mu yi sallarmu a natse ba tare da wahalar otal ba.

Hajiya mahaifiyata ta zo daga Kano za ta yi wata uku da mu a Greensboro, sai muka shirya kai ta duwatsun Smoky ta ga gari. Na kama mana wuri na kwana uku a sansanin Smokemont da ke kusa da garin Cherokee, tafiyar kamar awa huɗu ce daga gida, ni ina jan babbar motar da Hajiya da yara, maiɗakina tana biye da mu a ƙaramar mota. Wurin yana da kyau wallahi, ga rafi yana gudu ga itatuwa, amma babu sandar wutar da za ka jona motarka, kuma sabis ɗin waya ma babu shi sai ka sauko gari. To kun ga duk dogaronmu yana kan janareta kenan, shi ma doka ta ce daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba a kunna shi.

Mun isa wajen la'asar ranar Juma'a, na daidaita motar, na shiga na danna madannin janareta na ciki, ya yi tari sau biyu ya tashi lafiya lau, ƙararsa a daidai babu hawa babu sauka. Na fita ina sauke kujeru sai maiɗakina ta leƙo ta ce "Abban yara, wai ba ka kunna wutar ba ne? Esi fa ya ƙi tashi." Na ce ta ɗan jira, ai yana ɗaukar lokaci kaɗan kafin wutar ta shigo. Minti biyar, minti goma, shiru. Na shiga na duba agogon da ke jikin maikurowef, wanda shi ne yake fara haske duk lokacin da wuta ta shigo, baƙi ƙirin.

Abin da ke rikita mutum a motocin nan shi ne fitilu duk suna ci, famfon ruwa yana aiki, fankar rufi tana juyawa, sai ka ɗauka ai akwai wuta. Wuta iri biyu ce a ciki. Akwai ta batir mai boltej 12, ita ke riƙe da fitilu da famfo da ƙwaƙwalwar firji, sannan akwai irin ta gida mai 120 wadda take zuwa ko dai daga doguwar wayar da kake jonawa a sanda ko daga janareta, ita ke tada esi da maikurowef da soket, kuma ita ke yi wa batirin caji. Nan ne hankalina ya tashi, ba don esi ba. Hajiya tana da ciwon suga, allurarta ta insulin tana cikin firji, firjin kuma ko da yake ya koma aiki da gas da kansa, in batir ya mutu shi ma tsayawa zai yi tunda ƙwaƙwalwarsa da 12 take aiki. Ita kuwa Hajiya tana zaune a kujera tana lazimi ta ce "Kai ɗan nan ka kwantar da hankalinka, zafi kam ai mun saba da shi." Ban gaya mata maganar firjin ba.

Zuciyata kai tsaye ta tafi kan koyil. Duk wanda ya tashi a Kano ya san labarin nan, inji yana ta ƙara amma kwan fitila bai kawo ba, ka ɗauka ka kai wa mai gyara ya taɓa waya biyu ya ce koyil ya ƙone ko burushi ya cinye ko AVR mai daidaita ƙarfin wuta ya tafi, in ƙaramin nan ne ya ce kafasta. Shagon yayana a kasuwa mun sha wannan ba sau ɗaya ba. To a nan kuma sauke janaretan daga ƙarƙashin mota kaɗai aiki ne babba, ga kuɗin aiki a garejin RV ya haura dala 100 a kowace awa, sai na fara lissafin kuɗi tun ban taɓa komai ba.

Na fara da abin da hannuna zai iya. Akwatin bireka na ciki yana ƙasan gado, akwai babba mai amfiya 30 da ƙanana na esi da maikurowef da soket, na kashe su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa sannan na mayar, don wani lokacin bireka yakan faɗi amma hannunsa ya tsaya a tsakiya ka ga kamar yana sama. Babu canji. Na je banɗaki wajen soket ɗin nan mai madanni biyu a tsakiya, wanda yake yanke wuta idan ruwa ya taɓa, na danna na mayarwa ya ƙi kamawa sam. Daga baya na gane wannan ma alama ce, irin soket ɗin ba ya kamawa idan babu wutar da ke zuwa masa, wato matsalar tana can baya kafin a zo kansa. Sai na fita na cire murfin janaretan, shi ma yana da nasa bireka mai 30 a jikinsa kusa da madannin tayarwa, mutane da yawa ba su ma san da shi ba kuma sau da yawa shi ne duk matsalar. Na kashe na kunna. Na leƙa ta taga na tambayi babbar 'yata ko agogon ya kawo, ta ce "Abba har yanzu."

Ina tsugune a wajen sai ga maƙwabcinmu na sansanin, wani dattijo bature daga Tennessee da ya ce ya fi shekara ashirin yana yawo da irin motocin nan, ya zo ya tsaya ya yi sallama irin tasu. Abu biyu ya gaya min da suka canza min tunani gaba ɗaya. Na farko ya ce in buɗe ƙaramar ƙofar da doguwar wayar take, in duba ko akwai soket a ciki, don wasu motocin musamman ƙanana da tsofaffi ba su da abin da ke sauya wuta da kansa, kai ne za ka ɗauki kan wayar ka cusa a soket ɗin janareta da hannunka, in ka manta to inji zai yi ta ƙara har gobe babu abin da zai shigo. Na duba, tawa babu soket, wayar ta shige cikin bango kawai. Ya ce to kana da akwatin sauya wuta kenan a ɓoye a wani wuri. Nan take na gane abin da yake nufi, canja-oba ne irin wanda muke da shi a gida, wanda in NEPA ta ɗauke za ka ja hannunsa ƙasa ka koma kan inji, sai dai wannan da kansa yake yi.

Na biyu kuma ya tambaye ni, da ka saki madannin tayarwa injin ya ci gaba da aiki ko ya mutu? Na ce ai ga shi kana ji, ya fi rabin awa yana yi. Ya ce to da wuya a ce janaretan ne, saboda irin wannan ƙwaƙwalwarsa tana sa ido a kan wutar da yake fitarwa, in bai ga wuta ba kana sakin madanni zai mutu, sannan fitilar madannin ta riƙa ƙiftawa tana ba ka lambar matsalar. Tunda ya tsaya da ƙafarsa, yana yin wuta, a hanya take ɓacewa. Wallahi ji na yi kamar an sauke min dutse daga kai, ko da yake har lokacin ban san inda take ɓacewar ba.

Magariba ta gabato, ga dokar ƙarfe 8, sai na kashe. Daren nan muka kashe duk fitilar da ba dole ba, muka yi amfani da tocila, na tada injin motar kanta na ɗan lokaci tunda shi ma yana tura wa batirin gida caji. Ban yi barcin kirki ba, ina tashi ina duba fitilar firji.

Da safe bayan mun karya na ɗauki ƙaramar mota na sauka Cherokee inda akwai sabis, a hanya kusa da ofishin baƙi na Oconaluftee har na ga manyan barewan nan masu ƙaho suna kiwo a fili, na ce in sha Allah sai na kawo Hajiya ta gansu. Na kira wani babban yayanmu a Greensboro, mutumin Maraɗi ne, aikin wayarin gidaje yake yi shekara da shekaru, shi gurup yake ce wa janareta irin na mutanen Nijar. Na zayyana masa komai. Ya ce "Ƙanena, kar ka sayi komai tukuna, kar ka kwance komai a jikin gurup ɗin nan. Kana da mita?" Na ce a'a Malam, amma maƙwabcina ya ce zai ara min. Ya ce to ka bi wutar kamar yadda mai famfo yake bin ruwa, ka fara daga inda take fitowa, ka auna, ka matsa gaba ka sake aunawa, inda ka samu a baya babu a gaba to nan ne ciwon. Sannan ya ja min kunne sosai a kan launin waya, kuma ina roƙon duk wanda ya taso a gida ya riƙe wannan. A wayarin da muka saba gani a Najeriya ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce nutural. A Amurka baƙa ita ce mai wutar, fara ce nutural, kore ko tagulla tsirara ita ce ta ƙasa. Ya ce ya san mutanenmu da suka kama baƙar waya da hannu suna ganin ai ba komai. Ya ƙara da cewa kar in raina 120 don ba ta kai 230 ta Najeriya ba, tana kisa, in kashe inji kafin in buɗe kowane murfi, in sa takalmin roba, in kuma zan auna da inji a kunne to hannu ɗaya ya isa, ɗayan a aljihu.

Na dawo, dattijon ya kawo mitarsa muka fara. Wayar da ta fito daga janareta tana shiga wani ƙaramin akwatin ƙarfe a bangon ɗakin injin inda aka haɗa ta da wayar motar, ya ce wannan wurin ma yakan ƙone, sai muka buɗe shi da inji a kashe, haɗin tsaf babu baƙi babu wari. Muka tada inji na sa mita a kan AC, wato ma'aunin wuta irin ta gida, tsakanin baƙa da fara ta nuna 122. Alhamdulillah, janareta ba shi da laifi, ga shaida a hannu ba ji-ta-ji-ta ba.

Neman akwatin sauya wutar ne ya ci mana lokaci, don ba a sa shi inda ido zai gani ba. Sai da na ɗaga katifa, na kwance katakon ƙarƙashin gado da sukundireba, can bayan akwatin bireka na hango wani akwati baƙi na roba wayoyi uku masu kauri sun shiga cikinsa, ɗaya daga doguwar wayar waje, ɗaya daga janareta, ɗaya mai fita zuwa bireka. Tun ban cire murfin ba hancina ya gaya min, warin ƙonannar roba ne irin wanda ba ka mantawa. Kuma a nan na tuna tafiyarmu ta baya, esi ya ɗan yanke sau biyu ya dawo da kansa, maiɗakina ta ce tana jin wani wari-wari a ɗakin kwana, muka ɗauka daga waje ne.

Yadda abin yake aiki, a ciki akwai rile, wato makunnin da wuta ce ke juya shi, wanda a zaune yake yana haɗa motar da wayar waje, idan janareta ya tashi wutarsa ta iso sai wani ɗan allo ya jira kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 don injin ya daidaita, sannan rilen ya yi ƙas ya juya ya koma ɓangaren janareta. Ƙarar nan na sha jinta a baya ban taɓa sanin ta mece ce ba, kuma tun jiya ba ta yi ba. Muka tada inji na auna a kan ƙusoshin da wayar janareta ta shiga. Baƙa da kore, 122. Baƙa da ƙusar da farar waya take, sifili. Na sake aunawa don in tabbatar, haka dai. Wato wutar ta iso har bakin ƙofa amma hanyar komawarta ta yanke, shi ya sa ɗan allon bai samu abin da zai tada rilen ba. Muka kashe inji na haska tocila da kyau, sai ga farar wayar ta koma ruwan ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, robarta ta bushe tana farfashewa, na ɗan taɓa ta da bakin sukundireba ta fito daga ramin ƙusar gaba ɗaya, siraran tagullar sun ƙone sun rabu.

Ƙusa ce ta saki, shikenan. Gida ne da yake gudu a kan titi yana girgiza shekara goma sha, ƙusar tana sassautowa a hankali, kuma haɗin da bai ɗauru ba zafi yake yi idan kaya mai nauyi ya bi ta kansa. Esin rufi kaɗai yana jan amfiya 13 zuwa 15, ka ƙara maikurowef a kai, duk ta wannan ƙusa ɗaya suke bi, zafi ya ƙara sakin ta, sakin ya ƙara zafi, har wayar ta cinye. Abin da ya fi damuna da na zauna na yi tunani shi ne a ƙarƙashin gadon da yara suke kwana ne wannan abin yake ta dahuwa. Allah ne ya tsare, da gobara muke magana.

Akwai kuma kuskuren da ni na yi wanda ya sa ban gano tun a gida ba. Duk wata nakan tada janaretan a ƙofar gida ya yi minti goma in ji ƙararsa in kashe, alhali motar tana jone da wutar gida, to komai yana ci ta ɓangaren wayar waje wanda lafiyarsa ƙalau, ni kuma ina ganin haske ina cewa inji na aiki. Littafin injin cewa ya yi a tada shi awa 2 a kowane wata kuma a ɗora masa kaya kamar rabin ƙarfinsa, wato a cire wayar waje a kunna esi, saboda fetur kar ya daskare a kafireta kuma zoben da burushi ke gogawa kar ya yi tsatsa. Da haka nake yi da tun a gida abin zai nuna kansa.

Na sake sauka gari na kira Malam na tura masa hoto. Dabarar da ta zo min ita ce in tsallake akwatin kawai in haɗa wayar janareta da mai zuwa bireka duk a ƙusa ɗaya mu ƙarasa hutunmu. Ya ce "A'a ƙanena, ban yarda ba. In ka haɗa su alhali wayar waje tana nan a jone, haƙoran kan wayar nan da ke cikin ƙofa wuta za su ɗauka, yaro ya buɗe ya taɓa fa? Ranar da ka manta ka jona a sanda kuma gurup na aiki, wuta biyu za su gamu." Ya ƙura wa hoton ido ya ce robar da ke riƙe da ƙusar ta yi baƙi amma ba ta narke ba, don haka zan iya gyaran wucin gadi, in yanke wayar har inda tagullar take ja mai sheƙi, in kankare ramin ƙusar, in ɗaure tam, in bi sauran ƙusoshin duka in ƙara musu, amma da sharaɗin ba za a haɗa esi da maikurowef lokaci ɗaya ba, kuma ina dawowa a cire akwatin a sa sabo.

Haka na yi. Wayar mai kauri ce, lamba 10, kuma Allah ya taimaka akwai rara a tsawonta, na yanke kamar inci uku kafin na samu wuri mai kyau. Da na bi sauran ƙusoshin sai na samu biyu su ma sun saki, kowacce ta ɗauki kusan rabin juyi. Na mayar da murfi, na kashe duk ƙananan bireka, maiɗakina ta danna madanni, muka yi tsit muna jira ni da dattijon da yara, ana cikin haka sai ƙas daga ƙarƙashin gado. Na ɗaga bireka ɗaya bayan ɗaya, agogon maikurowef ya kawo yana ƙiftawa, soket ɗin banɗaki ya kama da dannawa ɗaya, cajar batir ta fara aiki. Hajiya ta ce "Madalla, Allah ya yi albarka," ta sa aka zuba wa dattijon dambun nama da ta zo da shi daga Kano a roba aka kai masa.

Na bar esi ya yi rabin awa sannan na kashe inji na taɓa murfin akwatin da bayan hannu, ɗumi kaɗan ne ba zafi ba. Duk sauran kwanakin haka na riƙa yi safe da yamma, na bar katakon gadon a buɗe, na kuma gwada na'urar gano hayaƙi da ta gano iskar nan mai guba ta inji, tunda mun san yadda hayaƙin janareta yake kashe iyali guda a gida cikin barci, tagar da ke saman salansa kuma a rufe take muddin inji na aiki.

Mun koma Greensboro ranar Litinin, na yi odar sabon akwati mai amfiya 30, bai kai dala 100 ba. Asabar ɗin da ta biyo Malam ya zo da kayan aikinsa, kafin mu cire tsohon ya sa na manna wa kowace waya takarda na rubuta daga ina take don kar a juya ta janareta da ta waje. Da muka fito da tsohon muka juya bayansa ashe robar ta tsage ta ciki inda hoto bai nuna ba, bakin rilen ma ya yi tabo baƙi. Ya ɗaure sabon da sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri daidai da lambar da aka rubuta a jikin murfin, ya kafe wayoyin a jikin katako don kar su riƙa rawa a hanya, sannan muka gwada ɓangaren waje, muka cire waya muka gwada na janareta da esi a kunne har awa ɗaya, mita tana nuna 118 zuwa 120 a soket ɗin kicin. A katakon gadon kuma na yanka ƙaramar ƙofa na sa mata fata biyu daidai saitin akwatin, yanzu ɗaga katifa kawai nake yi in kai gare shi, mitar da na saya kuma tana cikin aljihun ƙofar direba.